Ta ce "na yarda", amma da ta ce "a'a" me zai same ta?

Rukayya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana damuna game da littattafan soyayya na almara da muke ta yayi yanzu, ina so mu tattauna shi da gaske, ba don a ɓata wa kowa abin da yake so ba. Ni ma ina karanta su.

Ku dubi yadda akasarinsu suke tafiya. Yarinya 'yar shekara 18 ko 19, ba ta da gata, ko iyayenta sun mutu ko talauci ya yi musu katutu. Shi kuwa namijin sarkin aljanu ne, ko mai shan jini, ko sarkin yaƙi da ya shekara 500 a duniya. Yana da rundunar mayaƙa, yana da dukiya, yana da tsafi, wani ma har yana jin abin da take rayawa a zuciyarta. Ya ɗauke ta ya kai fadarsa, ko dai don mahaifinta ya ci bashi, ko don ta karya wata doka da ba ta ma san da ita ba. Ba ta san hanyar gida ba. Rigar da ke jikinta tasa ce, ɗakin da take kwana nasa ne, masu gadin ƙofar ma nasa ne. Can tsakiyar littafi sai ya matso kusa da ita ya ce, "Ba zan taɓa ki ba sai kin yarda." Ta ce ta yarda. Daga nan marubuciyar ta ɗauka ta sauke nauyin da ke kanta, mu ma masu karatu hankalinmu ya kwanta.

Ni hankalina bai kwanta ba. Yarinyar da ba ta da inda za ta je, wadda ran 'yan uwanta yake hannun wannan mutumin, in ta ce ta yarda, yarda ce ko dole ce ƙanwar na ƙi?

Fa'iza

Wa alaikumus salam Anti Rukayya. Ni fa ina ganin ana ɗora wa labari nauyin da ba nasa ba. Babu wadda za ta fita ta haɗu da sarkin aljanu mai shekara 500. Mun san ƙage ne, shi ya sa ma muke zuwa wajensa. Abin da nake so a irin waɗannan littattafai shi ne a nuna min mutumin da duniya gaba ɗaya take tsoronsa, amma a gaban mace ɗaya ya sauke kai. In aka cire ƙarfin nasa me ya rage? Sai ya zama labarin mutum biyu da suka haɗu suka daidaita, wanda ba shi na zo nema ba.

Kuma ki tuna, wadda take riƙe da littafin ita ce mai iko. In abin ya ishe ni na rufe shi, in na ga dama na tsallake babin. Yardar da ta fi muhimmanci tawa ce, tunda ni ce mai rai, jarumar kuwa tawada ce a kan takarda.

Malama Asabe

Rukayya, kin taɓo abin da ya girme mu duka. Wannan tsarin ba a TikTok aka ƙirƙire shi ba. Tatsuniyar Kyakkyawa da Dodo, wadda rabin waɗannan littattafai daga jikinta suka fito, wata Bafaranshiya mai suna Madam Villeneuve ce ta buga ta a 1740, sannan Madam Beaumont ta taƙaita ta a 1756 don karatun 'yan mata. Ku dubi abin da ke cikin ta Beaumont da kyau, domin duk muhawararmu tana ciki.

Ɗan kasuwa ya tsinki fure a lambun Dodo. Dodo ya ce hukuncinsa kisa ne, sai dai in ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata ta zo ta maye gurbinsa, kuma sharaɗin shi ne ta zo da son ranta. Da ta iso fadar sai ya tambaye ta ko da son ranta ta zo. Ta amsa masa da e, jikinta yana rawa. Marubuciyar da kanta ta rubuta rawar jikin, ba ta ɓoye ba. Bayan haka kullum da dare lokacin cin abinci sai ya tambaye ta ko za ta aure shi, ta ce a'a, ya yi ajiyar zuciya ya tafi. Bai taɓa tilasta mata ba. In ka tsaya a nan sai ka ce ai ga mutumin kirki, ana ce masa a'a yana karɓa.

To amma a'ar tata ba ta buɗe mata ƙofa. Gobe ma tana nan, tambayar ma tana nan. Da ya bar ta ta je ganin mahaifinta, kwana 8 ya ba ta, ya kuma shaida mata cewa in ba ta dawo ba baƙin ciki zai kashe shi. Wato da farko ran mahaifinta aka ɗora mata, daga baya aka ɗora mata ran Dodon. Ba a taɓa barinta da nata ran kaɗai ta yi shawara da shi ba. Wannan ne abin da marubutan yau suka gada: sun koyi sa wa jarumi tambaya a baki, amma ba su taɓa katangar da ke kewaye da yarinyar ba.

Nura

Malama, ina biye da ku, amma akwai inda na tsaya. In muka ce duk inda ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi babu yarda ta gaskiya, ai mun rushe soyayya gaba ɗaya. Ina aka taɓa samun mutum biyu da suka yi kunnen doki a komai? Wani ya fi kuɗi, wata ta fi ilimi, wani ya fi shekaru. Ke nan talaka ba za ta iya son sarki da gaskiya ba?

Rukayya

Yaya Nura, za ta iya mana. Ba fin ƙarfin ne kaɗai matsalar ba. Abin da nake tambayar kowane littafi shi ne: in ta ce a'a, me zai same ta?

Ka ɗauki fage ɗaya ka rubuta shi sau biyu. Sarki ya nemi yarinya a fadarsa. A rubutu na farko ta ƙi, washegari aka mayar da ita kurkuku, ko aka janye sojojin da ke tsare garinsu, ko ya daina yi mata magana har sai da ta rarrafo ta ba shi haƙuri. A rubutu na biyu ta ƙi, washegari ya sa aka ɗaura mata sirdi, ya haɗa ta da 'yan rakiya, ya ce alkawarin da na yi na kare garinku yana nan ko kina nan ko ba kya nan. Ta tafi, ta zauna da 'yan uwanta, ta ga rayuwarta ba shi, sannan ta dawo da ƙafarta. Sarkin nan ɗaya ne, ƙarfinsa bai ragu da komai ba a rubutu na biyu. Bambancin shi ne ya cire hannunsa daga kan abin da take tsoron rasawa kafin ya nemi zuciyarta.

Fa'iza ƙanwata, kin ga wannan bai hana ki abin da kike so ba. Mutumin da zai iya riƙe ta amma ya sake ta, ai shi ne ya sauke kai da gaske. Wanda ya durƙusa a gabanta alhali makullin ɗakin yana aljihunsa bai sauke komai ba.

Zainabu

Bari in sa baki a matsayina na mai rubutu, don ina tsakiyar rubuta irin wannan labarin yanzu. Akwai dabarar da ta fi kurkuku damuna, ita ce ɗaurin ƙaddara. Wato a ce tun kafin a haife su an ɗaure rayukansu, da ya gan ta ko ya ji ƙanshinta sai ya san tasa ce, ita ma jikinta ya dinga janta wajensa ko tana so ko ba ta so, in suka rabu ta kama ciwo.

Na san abin da ya sa muke son wannan dabarar: tana rage mana aiki. Gina soyayya tsakanin mutum biyu yana da wuya, sai ka nuna me ya gani a wajenta, me ta gani a wajensa, yaushe tsoro ya koma aminci. Da ɗaurin ƙaddara kuwa shafi ɗaya ya wadatar. Kuma yana wanke jarumi daga duk abin da ya yi. Ya bi ta a ɓoye? Ɗaurin ne. Ya kusa kashe wani don ya yi mata murmushi? Ɗaurin ne, ba zai iya riƙe kansa ba. Mutum mai shekara 500 da yake mulkin ƙasa guda, sai a ce mana a nan ne kaɗai ba shi da iko da kansa.

Sai kuma jimlar nan da nake gani ko'ina: bakinta yana cewa a'a amma jikinta ya ci amanarta. Wannan jimlar tana koya wa jarumi, da mai karatu, cewa kada a saurari bakin mace, a saurari jikinta, kuma shi ne mai fassara abin da jikin yake faɗa. A kurkuku aƙalla zuciyarta tata ce. A nan har zuciyar an ƙwace.

Fa'iza

Anti Zainabu, amma ai daɗin ɗaurin ƙaddara shi ne tabbas. A rayuwa mutum bai san ko wanda yake so zai tsaya ba. A labarin an ce maka wannan ba zai taɓa tafiya ba, ba zai taɓa kallon wata ba. Mata da yawa wannan suke nema, ba wai a mallake su ba. Ni ban ga laifin mutum ya huta da fargaba na ɗan lokaci ba.

Malama Asabe

Fa'iza tana da gaskiya a nan, kuma bai kamata mu raina masu karatu ba. A 1984 wata malamar jami'a a Amurka, Janice Radway, ta fitar da bincike a kan mata 42 masu yawan karanta littattafan soyayya, akasarinsu matan aure masu 'ya'ya. Abin da ta gano shi ne karatun kansa hutu ne a wajensu. Mace ta wuni tana kula da kowa, ba mai kula da ita, sai ta ɗauki littafi ta ce wannan lokacin nawa ne, ta shiga labarin da a cikinsa ake riritar mace. Matan nan ba wawaye ba ne, suna da littattafan da suke jefarwa in muguntar jarumin ta yi yawa.

Amma Radway ta lura da wani abu kuma. A littattafan da matan suka fi so, jarumi yakan fara da wulaƙanta jaruma ko yi mata sanyi, daga baya sai labari ya bayyana cewa duk abin nan so ne ya jawo, ko wani tsohon rauni ne a zuciyarsa. Wato ba ya canzawa, fassarar halinsa ce take canzawa. Mai karatu tana koyon cewa in namiji ya yi miki mugunta, ki yi haƙuri, akwai so a ƙarƙashi da ba ki gano ba tukuna. So hana ganin laifi, amma a nan marubuciyar ce take rufe mana ido da hannunta.

Akwai kuma tarihin da ya kamata mu sani. Littafin Kathleen Woodiwiss na 1972, wanda ya buɗe kasuwar manyan littattafan soyayya na zamani a Amurka, a farkonsa jarumin fyaɗe ya yi wa jarumar, a ƙarshe suka zama masoya. Shekaru aka yi ana bin wannan salon. Masu nazari da yawa sun danganta hakan da cewa a lokacin ba a yarda mace ta gari ta nuna sha'awa da kanta ba, don haka sai a rubuta an fi ƙarfinta, ta sami abin da take so ba tare da an zarge ta ba. Da zamani ya juya, masu karatu suka daina karɓar wannan a labarin mutane irinmu. A ganina bai mutu ba, ƙaura ya yi zuwa duniyar aljanu da masu rikiɗa, inda za a ce ai shi ba mutum ba ne, ɗabi'ar jinsinsu ce haka.

Maman Khalil

Ni damuwata ba ku manya ba ce. Ku kun ga rayuwa, kuna da abin da za ku auna labari da shi. 'Yar shekara 13 fa? Yanzu bangon littattafan nan zane ne mai kyau kamar na yara, uwa ta gani ta ɗauka tatsuniya ce. Wasu ma ba sa zuwa a takarda, a waya ake karantawa babi-babi.

Ku tuna littafin Twilight da ya fito a 2005, wanda 'yan mata suka yi ta rububinsa a duniya. Yarinyar shekararta 17, saurayin nata kuwa mai shan jini ne da aka haifa a 1901. Yana shiga ɗakinta da dare yana kallonta tana barci ba da saninta ba, da ta ji kuma ba ta tsorata ba, abin da ya dame ta shi ne me ta faɗa cikin barci. A littafi na uku ya cire wani abu daga injin motarta don kada ta je wajen abokinta, ya ce don kare lafiyarta ne. Yarinyar da wannan ne farkon abin da ta karanta a kan soyayya, ranar da saurayi ya karɓi wayarta ya ce don yana kishinta ne, da me za ta gane cewa ba daidai ba ne?

Sadiya

Maman Khalil, maganarki ta taɓa ni. Ban cika magana a nan ba amma zan faɗi wannan.

Na taɓa zama da mutumin da bai taɓa ɗaga min hannu ba ko sau ɗaya. Amma shi ke duba wayata kafin in kwanta. In ƙawata ta kira sai ya zauna kusa da ni har in gama, bayan na ajiye ya tambaye ni me ya sa na yi dariya a wuri kaza. Sannu a hankali ƙawayen suka daina kira. Duk abin da ya hana ni, da murya mai taushi yake hana ni, ya ce ba wanda zai kula da ke kamar ni. Kuma komai sai ya tambaye ni, kin yarda ko? Ina cewa na yarda, saboda na san in na ƙi za a yi mako ba a yi min magana ba.

Ba na cewa littafi ne ya jawo min. Shi ya yi abinsa, laifinsa ne. Abin da nake cewa shi ne lokacin da abin yake faruwa, ya yi min kama da abin da na saba karantawa ana kiransa so, shi ya sa na daɗe ban kira shi da sunansa ba. Daga baya na ji cewa a Ingila da Wales tun ƙarshen 2015 irin wannan mallakewa da takurawa a tsakanin ma'aurata ko masoya laifi ne a doka, ana iya ɗaure mutum har shekara 5 ko da bai taɓa duka ba. Rabin abin da jaruman nan suke yi a littafi yana cikin abin da dokar ta hana.

Fa'iza

Allah sarki Anti Sadiya. Allah ya saka miki, ya sa kin fita ke nan. Ban yi maganata don in raina irin wannan ba wallahi.

Sadiya

Na sani ƙanwata, ban ɗauka haka ba. Ki ci gaba da karatunki. Ni dai so nake a riƙa faɗin sunan abu.

Nura

To ashe abin da ake kira ciwon Sitokholm ne ke nan muke karantawa, wanda aka kama ya kamu da son wanda ya kama shi.

Rukayya

Yaya Nura, ni ina taka-tsantsan da wannan sunan, don asalinsa ma yana goyon bayan abin da muke faɗa ta wata hanya daban. A ranar 23 ga Agusta 1973 ɗan fashi ya shiga wani banki a birnin Sitokholm na ƙasar Suwidin, ya yi garkuwa da ma'aikata 4, aka yi kwana 6 ana dambarwa. Ɗaya daga cikinsu, Kristin Enmark, ta yi magana da Firaminista Olof Palme ta waya, ta ce ta fi tsoron abin da 'yan sanda za su yi fiye da ɗan fashin. Likitan ƙwaƙwalwar da ke ba 'yan sanda shawara, Nils Bejerot, shi ya laƙaba wa abin suna a matsayin ciwo. Ita kuwa daga baya ta yi ta faɗa cewa ba ciwo ba ne, dabarar tsira da rai ce. Har yau kuma ba a sa shi cikin babban kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na likitocin Amurka ba.

Abin da nake so ka gani shi ne, wanda ransa yake hannun wani zai yi masa murmushi, zai koyi abin da yake faranta masa, zai gode masa don ya ba shi bargo. Wannan hankali ne, ba so ba ne. Shaharzad ta Dare Dubu da Ɗaya ma haka ne. Ita ta matsa wa mahaifinta waziri ya aurar da ita ga sarki, amma sarkin da ke kashe amaryarsa kowace safiya ne, kuma kowane labari da ta bayar na sayen kwana ɗaya ne. Muna yaba wa basirarta da ƙarfin zuciyarta, kuma ta cancanta. Amma ban taɓa jin wanda ya karanta ya ce yana fata 'yarsa ta sami miji irin wannan sarkin ba. Littattafan yanzu su suke ɗaukar dabarar tsira su sa mata sunan so, su kuma ce mana mu yi sha'awarta.

Fa'iza

Amma Anti, ba duka ba ne. Jerin littattafan Sarah J. Maas da ya fara fitowa a 2015 ai ya yi abin da kuke nema. Na farkon kamar Kyakkyawa da Dodo ne, amma a na biyu, na 2016, wanda jarumar ta so a na farkon ya kulle ta a gida da tsafi ya ce don ya kare ta ne, kuma littafin bai yi masa uzuri ba. An nuna yadda ta rame, yadda numfashinta ya ɗauke da ta ga ba hanyar fita, kuma ta bar shi. Mutane da yawa a nan suka fara gane cewa kullewa ba so ba ne.

Rukayya

Gaskiya ne, kuma wannan ɓangaren na yaba masa ƙwarai, shi ne irin abin da nake so in ƙara gani. Amma ki dubi wanda ta koma wajensa. A littafi na farko tana kwance a kurkuku, hannunta ya yi mummunan rauni ya ruɓe tana gab da mutuwa, ya zo ya ce zai warkar da ita in ta yarda ta riƙa yi masa mako biyu a kowane wata. Da ta yi gardama sai ya murɗa tsagin ƙashin da ke cikin raunin, daga baya suka daidaita a kan mako ɗaya. Bayan haka ya riƙa ba ta giyar aljanu tana rawa a gaban jama'a ba ta cikin hayyacinta. A littafi na biyu aka ba shi shafuka ya bayyana cewa duk don ya cece ta ne, kuma ashe abokin ƙaddararta ne. Wannan shi ne daidai abin da Malama ta ce: ba a hukunta aikin ba, an sake masa fassara. Mutum biyu sun yanke mata hukunci ba da shawararta ba da sunan kariya, ɗaya aka kira shi azzalumi, ɗaya aka kira shi masoyi.

Malama Asabe

Yarjejeniyar mako ɗaya a wata ma tsohuwa ce. A tatsuniyar Girkawa, Hades sarkin duniyar matattu ya sace Persephone tana tsinkar furanni, da iznin mahaifinta Zeus, uwar ba ta sani ba. Da aka tilasta masa ya mayar da ita sai ya ba ta ƙwayar rumman ta ci, wanda hakan ya ɗaure ta da komawa wajensa kashi ɗaya cikin uku na kowace shekara. A tsohuwar waƙar da ta kawo labarin, yarinyar ta gaya wa uwarta da bakinta cewa dole ya yi mata ta ci. Kuma mafi yawan waƙar a kan baƙin cikin uwar ne, wadda ta hana ƙasa tsiro har sai an dawo mata da 'yarta. Yau an sake rubuta wannan labarin sau ba adadi a matsayin soyayya, a yawancinsu an mayar da uwar ita ce mai takurawa, ɓarawon kuma shi ne mai 'yantarwa. Wannan juyin yana ba ni mamaki fiye da komai.

Maman Khalil

Shi ya sa nake goyon bayan shafin gargaɗi da wasu marubuta suke sawa a farkon littafi, su ce akwai tilastawa, akwai garkuwa, akwai kaza. Wadda ta ga an rubuta haka ta san marubuciyar ma ta san abin ba daidai ba ne, ta shiga da idonta a buɗe. Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne waɗanda ba su da gargaɗi saboda marubuciyar ba ta ma ga akwai abin gargaɗi ba.

Fa'iza

A nan mun haɗu. Ni zan ci gaba da karanta masu duhun nan, ba zan ɓoye ba, kuma ban yarda cewa duk mai son su tana da matsala ba. Amma na fi son wanda ya ce min ga mugu nan, ki shirya, a kan wanda ya ce min ga mijin da kowa za ta yi fata.

Zainabu

To ku taimaka min da nawa tunda kuna nan. Jarumata an kai ta fadar sarkin aljanu ne a madadin ƙanenta da ya shiga dajinsu ya yi farauta. Ina babi na 22 yanzu. Abin da na tsara shi ne ɗaurin ƙaddarar yana nan, amma ana iya tsinke shi, kuma ita kaɗai ce za ta iya tsinkewa. Shi ya san haka tun farko, kuma shi zai gaya mata yadda ake yi, duk da ya san in ta tsinke zai rasa rabin tsafinsa. Ina so ta tsinke shi ɗin, ta zauna ba ɗauri, sannan mu ga ko abin da take ji yana nan. Anti Rukayya, wannan ya isa?

Rukayya

Ya yi kyau sosai, musamman da ya zama shi ne zai yi asara in ya faɗa mata gaskiya. Amma saura ƙanen. In ta tsinke ɗaurin ta kama hanyar gida, hukuncin farautar zai dawo kan yaron?

Zainabu

A yadda na rubuta yanzu, e, zai dawo. Dokar dajin ce, rai a madadin rai.

Rukayya

To ki fara da nan kafin ki kai ga ɗaurin. Shi ne sarki, shi ke da ikon yafe hukuncin. Ya yafe wa yaron a gaban fadawansa, ta ji da kunnenta, ya zama ba zai iya janyewa ba ko da ta tafi. Kuma ki bar fadawan su yi masa bore a kan haka, don kada yafiyar ta zo masa a banza. In kin gama babin ki turo mana mu gani.